Na Raka Baba Kombo Garin da Babu Mota

Tun da na dawo, babu majalisar da zan zauna a Aziziyya, unguwarmu a Madina, ba a kira ni da alkunyata an ce mini, "Abu Yasir, wai da gaske garin nan babu mota?" Na ba direbobin filin jirgi labari, na bayar a bakin masallaci bayan la'asar, na bayar a gidan suna. Kowa sai ya katse ni a tsakiya ya tambayi abin da ke ƙarshe, ni kuwa ba na son labari a birkice. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daga fari, zango bayan zango. Wanda ya karanta, ya huta da tambaya.

Zan fara da dalilin tafiyar. Baba Kombo kafinta ne, mutumin Lamu, wani tsibiri a gaɓar tekun ƙasar Kenya. Ya zo aikin Hajji ina saurayi, bai koma ba. Mahaifina ya ba shi ɗaki a tsohon gidanmu na lungun kusa da Harami, kafin a rushe unguwar a faɗaɗa masallaci. Da muka koma Aziziyya ya biyo mu. A gidanmu ya koyi Hausa, har Larabawa suna lissafa shi cikin Takari, wato mu Hausawan Saudiyya. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, maganarsa ta yi nauyi. Ana cikin haka alhazan garinsu suka kawo saƙo, yayarsa Esha ta makance, ta ce tana so ta ji muryarsa kafin ɗayansu ya riga ɗaya.

Wata safiya na kai masa koko, ya ce, "Haruna, za ka kai ni gida."

"Ai gida kake, Baba."

"Gidan Esha."

Na ajiye kwanon na yi masa magana sosai. Na ce shekarata nawa ina ɗauko alhazai daga filin jirgi, na ga tsofaffin da suka sayar da gona don kawai ajali ya same su a garin nan a binne su a Baƙi'a. Shi Allah ya kawo shi bakin ƙofa, yanzu kuma zai juya?

Ya dube ni da idon da ke buɗewa sosai. "Kai ke rabon ƙasar kabari?"

Ya ci gaba da cewa:

"Ita ta goya ni. Sama da shekara talatin ina ce mata baɗi. Baɗin ta ƙare."

Likita ya ce tafiyar za ta iya kai shi, za ta iya kuma ƙarasa shi a hanya. A bi a hankali, kada a jijjiga shi, kada ya faɗi. Na ɗauki hutu. Na dage aka buga masa bizar fita da dawowa, don in raba shi da Madina kwata-kwata ban yarda ba. Sannan na sayo keken marasa lafiya sabo, mai kauri, irin wanda ake tura tsofaffi a Harami. Da ya gan shi ya ce, "Wannan ba zai yi a can ba." Na ce ni direba ne, inda ƙafa ta bi taya za ta bi.

Zango na farko, Madina zuwa Jidda. Ƙanena ya ja motar, ni ina baya ina riƙe da Baba. Kayanmu: jaka biyu, kwalin dabino, turaren wuta, baƙin yadi na Inna Esha, jarkar zamzam, da keken. Babu abin da ya faru.

Zango na biyu, jirgin sama zuwa Nairobi. A nan aka tsare ni. Ma'aikacin ya dubi fasfona na Saudiyya, ya dubi fuskata, ya sake duban fasfon. Ya yi Turanci, ba na ji. Na yi Larabci, ba ya ji. Ya kira wani, suka juya fasfon kamar za su ga wani mutum a bayansa. Sai Baba ya buɗe baki daga kan keke. Mutumin da a gida sai ka kasa kunne kafin ka gane Hausarsa, sai ga Sawahili yana fita daga bakinsa kamar an buɗe famfo. Ma'aikacin ya zagayo daga bayan tebur, ya durƙusa ya gaishe shi, ya buga mana hatimi. Na tambayi Baba me ya ce masa.

"Na ce ɗana ne. Rana ce ta ƙona shi a Madina."

Zango na uku, wani jirgin zuwa Mombasa. Muka sauka a wani masauki kusa da tsohuwar kasuwa, ɗaki ɗaya, gado biyu, kowanne da gidan sauro. Zafin garin mai laima ne, riga tana manne maka kafin ka gama sa ta. Abincinsu kuwa, duk abin da aka ɗora a wuta sai an zuba masa ruwan kwakwa. Shinkafa da kwakwa, wake da kwakwa, kifi da kwakwa. Cikina ya yi mini gardama kwana biyu. Baba, da a gida sai na yi faɗa yake shan koko rabin kofi, ya cinye farantinsa ya leƙa nawa.

Akwai ƙaramin jirgin sama da ke zuwa kusa da Lamu, amma masu jirgin suka ce kayanmu sun yi nauyi, a bar jarkar. Baba ya ce shi da zamzam ɗin Esha tare za su shiga gari. Dole muka koma ga bas. Mai sayar da tikiti ya ce motar za ta tashi ƙarfe ɗaya. Na tsara cewa mu yi azahar mu fito. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirgen awa, ƙarfe ɗayansu shi ne bakwai na safe. Da ya faɗa sai na tuna agogon bangon mahaifina, wanda ake mayarwa sha biyu duk magariba, yadda tsofaffin Madina suke yi da. Mu muka bari. Su suna nan a kai.

Zango na huɗu shi ne bas, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Har Malindi hanya da dama-dama. Daga can gaba kwalta ta fara yankewa, daga baya ta ƙare. 'Yan sanda biyu da bindigogi suka shigo suka zauna a gaba, saboda 'yan fashin daji. Direban ba zan zage shi ba, abokin sana'a ne, amma da a hannuna yake da bai kwana a aikin ba. Na cusa filo ta gefen Baba, na riƙe kafaɗarsa, duk ramin da muka faɗa ina duban fuskarsa.

Wajen tsakar rana ruwa ya fara ɗigowa daga rufin motar a kan wata mata mai goyo. Ta tashi da faɗa. Kwandasta ya hau ya duba, ashe murfin jarkarmu ne ya kwance. Na shirya ba da haƙuri. Baba ya faɗi kalma ɗaya, zamzam. Nan take matar ta kwance goyon ta tara kan jaririn a ƙarƙashin ɗigon. Mutane suka miƙo tafin hannu daga baya, har ɗaya daga cikin 'yan sandan ya shafa a fuska. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi a nan. Baba ya ce Esha ba za ta ji haushi ba.

Zango na biyar, ruwa. Hanyar mota takan mutu ne a wani ƙauye a bakin teku, daga nan sai kwalekwale mai inji. A can Asmani ya tarye mu, ɗan Inna Esha, mutum mai furfura a gemu, matuƙin jirgin ruwa. Yana da Larabcin makaranta, muka fahimci juna. Ya sumbaci hannun kawunsa, ya ɗauke shi cak ya sa a jirgi.

Ga yadda wurin yake, don masu tambaya. Tsibirin ba shi da nisa da tudu, mashigin ruwa ne ya raba su, gefe da gefe itatuwa ne masu tsira a cikin ruwan gishiri. Garin yana fuskantar wani tsibirin, wanda ya tare masa babbar teku, shi ya sa bakinsa yake kwance babu igiyar ruwa. Asmani ya ce abin da ya kafa garin ke nan. Wata iska takan taso daga wajenmu ta kawo jiragen katako da dabino da yadi, su jira watanni, iskar ta juya ta mayar da su da sandunan itacen nan. Baba ya nuna itatuwan da hannunsa mai lafiya.

"Rufin gidajen tsohuwar Jidda da ka sani, da yawa daga nan aka sare shi. Kafin in je Hijaz, itacen garinmu ya riga ni."

Zango na shida, shi ne garin kansa. Mun isa bayan la'asar, ruwa ya janye, matakalar matsayar jiragen ta fito da gansakuka. Aka hau da Baba a hannu. Ina shimfiɗa keken, sai na ga mutum huɗu sun taho da gadon igiya a kafaɗa, an shimfiɗa masa tabarma da farin zane. Suka sauke shi gaban Baba.

Na ce wa Asmani, "Wannan fa?"

"Na kawu ne. Gidan yana can sama, da nisa."

Na ce a'a. Na ce mutumin nan da ransa na kawo shi. A wurinmu wanda maza huɗu suka saɓa a kafaɗa cikin farin zane, an san inda za a kai shi. Ban sha wahalar hanyar nan don in shigar da shi garinsu a kan makara ba. Asmani ya ce haka suke kai mara lafiya, haka suke kai mai naƙuda. Na ce su yi wa nasu. Ya dubi kawunsa, Baba ya gaji ƙwarai, idonsa a rufe. Asmani ya ce, "To, ya akhi, bismillah." Na ɗora Baba a keke na tura.

Bakin teku hanya ce mai faɗi, keken ya tafi lafiya, har na ji daɗi. Sai muka karya muka shiga gari. Lungun farko, in na miƙa hannuwana zan taɓa bango biyu. Gidajen dogaye ne, na dutsen teku mai kaushi, sama ta zama siririn zare. Kwata tana bin gefen lungun a buɗe. Ƙasa ba daidai take ba, nan tudu, can matakala biyu, can kashin jaki. Ina turawa, ina ɗagawa, ina ja da baya. Baba yana jijjiga, kansa yana lilo. Gumi ya rufe mini ido.

A wata kwana muka yi kiciɓis da jaki ɗauke da buhunan yashi, babu mai kora, shi kaɗai yake tafiyarsa. Ban san jakunan garin sun san hanya ba, kuma ba sa kaucewa, mutum ke shiga ƙofar gida ya ba su wuri. Na karkata keken don ya wuce. Tayar hagu ta zurma cikin kwata. Baba ya zame ta ɓarin da ba ya motsi, hannunsa ya goge bango, fatar ta saluɓe daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Na tare shi kafin ya kai ƙasa. Jini yana bin yatsunsa, numfashinsa yana fita guntu-guntu, leɓensa ya yi fari. Maganar likita ta dawo mini. Na ce a raina, na kawo shi har lungun garinsu, zai mutu a hannuna ba ta ji muryarsa ba.

Asmani ya yage gefen mayafinsa ya ɗaure hannun. Wata mata ta miƙo ruwa ta bayan ƙofa. Na waiwaya, sai ga mutum huɗun nan tsaye a bayanmu da gadon. Ashe tun daga bakin teku suke biye da mu.

Baba ya buɗe ido. Da ƙyar maganar ta fito.

"Haruna. Malam mahaifinka, kafin ya samu rumfa a Madina, wane aiki ya yi a Makka?"

Na sani. Mahaifina ɗaukar shibriyya ya yi, gadon katakon da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai, maza su ɗauka a ka su yi musu ɗawafi. Hausawa da yawa da shi suka fara cin abinci a ƙasar nan. Har ya rasu akwai kanta a tsakar kansa.

"Shibriyya, Baba."

"Gawa yake ɗauka?"

Na ce a sauke gadon.

Abin da na gani daga nan shi ne abin da ya fi tsaya mini a duk tafiyar. Huɗun suka ɗaga, gadon ya tafi sumul, ko ruwa aka ɗora ba zai zube ba. Ba su yi nisa ba wani tela ya bar keken ɗinkinsa ya fito, ya sa kafaɗa, ɗaya ya zame. Gaba kaɗan mai sayar da gahawa ya karɓi wani. Wani dattijo da ya fito daga masallaci ya karɓa, ya yi 'yan taku, ya ba na gaba. Ba a kiran kowa, ba a tsayawa. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da Baba ya bar garin. Ana dai faɗa daga ƙofa zuwa ƙofa cewa ƙanen Esha ne ya dawo daga Madina. Ni ina baya ina tura keke da jarkar zamzam a zaune a ciki. Can wani ya taɓa ni, ya nuna mini ƙafar gadon ta baya, ya karɓi keken. Na sa kafaɗa. Ban san Baba ya rame haka ba sai a lokacin.

Gidan yana da soro a buɗe da dakali biyu, da ƙofa mai sassaƙa wadda Baba ya ce shi da ubansa suka yi. Asmani ya goya shi ya hau bene. Inna Esha tana zaune a bakin gado, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta juyo da kunne wajen matakala. Aka zaunar da shi kusa da ita. Ya kira sunanta. Ta ɗaga hannu biyu ta bi goshinsa, ta bi kuncin da ya karkace, ta bi baki. Ta faɗi wata magana, ɗakin ya ɗauki dariya, wasu suna share ido. Na dubi Asmani.

"Ta ce ba wannan ta aika a kawo mata ba. Nata yana da haƙora."

Ta lalubo hannun da aka ɗaure, ta tambayi wa ya yi masa haka. Baba ya ce jaki ne. Na sauka na zauna a dakali.

Na yi 'yan kwanaki a garin, kuma zan faɗi gaskiya kan abin da na gani. Mota na ga guda ɗaya, ta babban jami'in gwamnati, tana bakin teku, ba ta da inda za ta je. Komai a kan jaki yake, ko kura ta hannu, ko kafaɗa. Akwai ƙazantar kwata da kashin dabba, ban ji daɗinsu ba. Wuta tana ɗaukewa. Wanda ciwo ya kama da gaggawa yana cikin hatsari, kuma samarinsu da yawa sun tafi Mombasa neman aiki. Amma masallatai kusa-kusa suke, ruwan rijiyarsu mai daɗi ne duk da gishirin da ya kewaye su, kuma ba ka wuce mutum ba sallama, don lungun bai ba ku wurin da za ku kauce wa juna ba. Da safe fanke mai kwakwa da shayi. Da yamma gahawa mai citta da alewa, maza a kan dakali, kamar yadda mahaifina yake ba mu labarin zaurukan Haɗeja.

Yaranmu da aka haifa a Aziziyya, waɗanda kake yi wa Hausa su amsa da Larabci, ba su san Madina ta taɓa zama haka ba. Ni na sani. Na tashi a lungun da mota ba ta shiga, inda mai ruwa ke zuwa da garwa biyu, inda in tsohuwa ta faɗi kafin ta kai ƙasa an tare ta. Ban ce a mayar da hannun agogo baya ba. Faɗaɗa Harami alheri ne, kuma da mota na ciyar da iyalina. Amma yanzu in maƙwabcina ya kwanta, motar asibiti ke zuwa, a rufe ƙofa a tafi, sai bayan kwana uku in ji. A Lamu ba a iya kai mara lafiya a ɓoye. Sai ya bi ta kafaɗar unguwa.

Ranar da zan taho na hau wurin Baba bayan sallar asuba. Hannun ya fara warkewa. Inna Esha tana ba shi shayi da cokali, rabi a baki rabi a riga, yana mita tana mita. Na ce masa bizarsa tana da sauran watanni, in ya huta zan dawo in ɗauke shi.

"Wa zai yi mata faɗa in na tafi?"

"Baƙi'a fa, Baba?"

Ya ce, "Na so. Allah ya san na so." Ya kama hannuna. "In ka isa, kafin ka shiga gida, ka je ka yi mini sallama wurin Manzon Allah. Ka ce Kombo kafinta ne."

Mutumin da ya yi shekaru yana zuwa da ƙafarsa duk bayan asuba, yau shi ke aike kamar kowane baƙo. Inna Esha ta ji, ta ce ita ma. A hanyar bakin teku tela ya tare ni ya ba da nasa, mai gahawa ya bayar, da wasu da ban san sunansu ba.

Na san akwai malamanmu da ke cewa ba sai an aiko ba, sallama tana isa daga ko'ina. Ban yi musu da su ba. Amma an ba ni amana. Ƙanena ya ɗauko ni daga Jidda, muka shigo Madina da hantsi, ya kama hanyar Aziziyya, na ce ya juya ya nufi Harami. Na yi alwala, na shiga ta ƙofar da Baba yake shiga, na bi layi har na iso. Na yi tawa. Na ce Kombo kafinta yana sallama, yayarsa Esha tana sallama, Asmani yana sallama, da tela, da mai gahawa. Askarin da ke gadin wurin ya fara yi mini alama in matsa. Na ce, da duk waɗanda suka ɗauke shi. Sannan na wuce.